Kwabo a gindin jigon jirgin ruwa

Ƴan'uwa, darasinmu na yau zai kai mu nesa da gida, har bakin teku. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano, inda ruwan teku yake, tafiyar kilomita wajen 1000 ce a mota. Amma da yawa cikin kayan da muke saye a kasuwa, kamar shinkafa da sukari da babura, cikin jirgin ruwa suka ƙetaro kafin su hau kamyo. Saboda haka labarin jirgi ba baƙo ba ne gare mu.

Masu gina jiragen ruwa na Turai suna da wata tsohuwar al'ada. In sun zo kafa jigon jirgi, sai su fara ajiye ƙwayar kuɗin ƙarfe a cikin gurbinsa, sannan su ɗora jigon bisa. Al'adar nan ta fi shekara 2000, kuma har yau ba a bar ta ba. Za mu ga inda ta fito, da abin da masu yin ta suke nufi, da abin da kuɗin suke gaya wa waɗanda suka tono su daga baya.

1. Mi ne ne jigon jirgi?

Duk wanda ya taɓa aikin lambu ya san jigo, itacen nan da ake ɗebo ruwa da shi daga rijiya. Jirgin ruwa ma yana da nasa jigo. Dogon itace ne miƙaƙƙe, wanda ake kafawa tsaye a tsakiyar jirgi.

A zamanin da, jirgi ba ya da inji. Iska ce ke tura shi. Ana ɗaura babban zane mai kauri a jikin jigo. In iska ta buso, sai ta cika zanen, zanen ya ja jigo, jigo ya ja jirgi. Ke nan dukan ƙarfin iska bisa jigon yake sauka.

Don kada ya faɗi, ana sassaƙa rami a cikin wani katako mai kauri, can ƙasan jirgi. Gindin jigo ya shiga ramin ya zauna daram, kamar yadda taɓarya ke zama cikin turmi. Wanga rami shi ne muke kira gurbin jigo. A ƙarƙashinsa kuma akwai dogon katako wanda ya tashi daga gaban jirgi har bayansa. Shi ne ƙashin bayan jirgi, bisansa ake ɗora dukan ginin.

In jigo ya karye a tsakiyar teku, an shiga uku. Jirgi ba ya gaba, ba ya baya, sai inda igiyar ruwa ta kai shi. Ruwan sha ya ƙare, abinci ya ƙare, ga ruwa ko'ina amma na gishiri ne. Mutane da yawa sun hallaka ta haka. Shi ya sa ranar kafa jigo babbar rana ce ga maginan jirgi da matuƙansa.

2. Al'adar ta fito daga Rumawa

Rum birni ne a ƙasar Italiya. Shekara 2000 da suka wuce, sarakunan Rum ne ke mulkin dukan ƙasashen da suka kewaye Bahar Rum. Jiragensu suna ɗauko alkama daga Masar, suna ɗauko man zaitun da giya cikin manyan tuluna. Wasu sun isa lafiya, wasu sun nutse a hanya.

Bayan shekara ta 1943, da aka ƙera kayan shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa, masu nutso suka soma gano waɗannan jirage. A cikin fiye da 12 daga cikinsu, an tarar da kuɗin ƙarfe kwance a gurbin jigo. Ɗaya daga cikin mafi tsufa ya nutse ne a gaɓar kudancin Faransa, fiye da shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa. Kuɗin da aka samu a gurbinsa na wani ɗan tsibiri ne mai suna Pantelleriya, tsakanin Tunisiya da Sisiliya.

To, domi suke sa kuɗi a wurin? Ana ba da amsa uku.

Ta farko: mutanen Girka da na Rum na da sun ɗauka cewa in mutum ya mutu, sai ya ƙetare wani kogi kafin ya isa mazaunin matattu. Wai akwai wani mai fito a bakin kogin, sunansa Karon, kuma ba ya ƙetarar da kowa sai an biya shi. Don haka sukan sa ƙwayar kuɗi a bakin mamaci kafin su binne shi. Wanda ya nutse a teku kuwa, wa zai sa masa? Sai wasu suka ce kuɗin gindin jigo kuɗin fiton matuƙa ne, an biya tun da wuri. Wagga amsa ita ce matuƙan jirgi suka fi faɗi. Amma ku duba: kuɗin fito ƙwaya ɗaya ne ga mutum ɗaya. Jirgi yana ɗauke da mutane da yawa, ga shi galibi ƙwaya ɗaya tak ake samu a gurbi.

Ta biyu: neman sa'a ne, don jirgi ya je lafiya ya komo lafiya.

Ta uku: al'adar daga tudu ta gangaro ruwa. Rumawa sukan binne kuɗi a tushen gini, ko gida ko ɗakin bauta, a ranar da aka fara aikin. A shekara ta 70, da za a sake gina babban ɗakin bautarsu na birnin Rum, an zuba zinariya da azurfa cikin ramin tushe. Wata malama mai binciken jiragen da, Deborah Carlson ta ƙasar Amurka, ta yi nazarin wanga al'amari a shekara ta 2007. Ta nuna cewa maginin jirgi ya ɗauki jirgi kamar gida ne, gurbin jigo kuwa kamar tushensa.

Yanzu bari mu ga jirage uku, kowane da kuɗinsa, kowane da abin da zai koya mana.

3. Jirgin Landan: kuɗin ya girmi jirgi

A shekara ta 1962, ma'aikata suna gina katanga a bakin kogin Tems, cikin birnin Landan na ƙasar Ingila. Suna cikin haƙa sai suka ci karo da manyan katakai cikin laka. Aka kira wani matashi mai binciken kayan tarihi, sunansa Peter Marsden. Da aka tone wurin, ashe jirgi ne na zamanin da Rumawa ke mulkin Ingila. Faɗinsa mita 6. Ya nutse da kayansa, duwatsun gini fiye da tan 20.

A gurbin jigonsa aka samu kwabo ɗaya na tagulla. A fuska ɗaya akwai kan Sarki Domisiyan, wanda ya mulki Rum daga shekara ta 81 zuwa ta 96. A ɗaya fuskar akwai siffar mace. Fortuna ke nan, gunkiyar sa'a ta Rumawa. A hannunta tana riƙe da itacen da ake juya jirgi da shi. Kun ga ashe maginin bai ɗauko kwabon da ka ba. Ya zaɓi wanda ya dace da jirgi.

Kuɗin Rumawa ba su da lambar shekara irin ta kuɗinmu. Amma ana rubuta sunan sarki da muƙamansa, da ko sau nawa ya riƙe su. Da masana suka karanta rubutun, suka gane an buga kwabon a shekara ta 88 ko ta 89.

To, a shekarar aka gina jirgin? A'a. Katakan sun faɗi wata magana dabam. A ƙasashen sanyi, itace yana ƙara zobe ɗaya a cikin jikinsa kowace shekara. In shekara ta yi kyau, zoben ya yi faɗi. In ta yi tsanani, ya yi siriri. Masana suna gwada zobban katako da na wasu itatuwa da aka san shekarunsu, sai su gane lokacin da aka sare shi. Zobban sun nuna an gina jirgin Landan wajen shekara ta 150.

Mu yi lissafi: 150 a ɗebe 88, saura 62. Kwabon ya yi shekara wajen 60 yana yawo hannu da hannu kafin ya shiga gurbi. Dama jikinsa ya nuna haka, don ya goge ƙwarai.

Ga kuma abin lura. Kwabon sa'a yana nan a gurbinsa, amma jirgin ya nutse. Ya yi shekara 1800 kwance cikin laka.

4. Jirgin Niyufot: kuɗin sa'an jirgi ne

Niyufot gari ne a yankin Wels, yamma da Landan. A shekara ta 2002 ana haƙa tushen gidan wasan kwaikwayo a bakin kogin garin. Nan ma aka tarar da jirgi cikin laka, babba, tsawonsa ya fi mita 30.

Da farko an so a auna shi kawai, a ci gaba da gini. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Suka taru a wurin, suna gadi dare da rana, suka sa hannu a takardar koke. Daga baya gwamnati ta ba da kuɗi, aka fitar da katakan ɗaya bayan ɗaya.

A shekara ta 2006, ana cikin wanke katakan, sai aka ga wani ɗan rami a jikin ƙashin bayan jirgin, kusa da gaba. A cikin ramin akwai ƙaramin kuɗin azurfa. A nan ba a gurbin jigo aka sa shi ba. An ɓoye shi ne tun ranar da aka haɗa katakan farko. Al'ada ɗaya ce, wuri ne ya sāke.

Kuɗin na Faransa ne. Fuska ɗaya gicciye, ɗaya fuskar kuma wata dabbar teku mai kama da kifi, wadda ake kira dolfin. An buga shi a wani gari mai suna Kiremiyu, kusa da Liyon. Irinsa kuwa, cikin ƴan watanni kawai aka buga su, a shekara ta 1447.

Nan take aka san abu ɗaya tabbas: ba a gina jirgin kafin 1447 ba. Magini ba zai sa kuɗin da ba a riga an buga ba. Da aka duba zobban katakan, sai suka nuna an sare itatuwan wajen 1449, a arewacin ƙasar Sifen. Shaidu biyu suka yi daidai. Wanga karo kuɗin sabo ne lokacin da aka sa shi.

Jirgin ya yi shekara wajen 20 yana fatauci a teku. Wajen 1468 aka kawo shi Niyufot don gyara. Itatuwan da aka tokare shi da su suka rushe, ya kwanta a gefe, ruwa da laka suka cika shi. Aka kwashe abin da za a iya kwashewa, aka bar saura.

5. Jirgin Victory: jirgi ya girmi kuɗin

Na uku bai nutse ba. Sunansa Victory, ma'ana Nasara. Jirgin yaƙi ne na Ingila, an sa shi a ruwa a shekara ta 1765. Cikinsa ne babban kwamandansu Nelson ya jagoranci yaƙin Tarafalga a 1805, kuma cikinsa aka harbe shi ya mutu. An ajiye jirgin a garin Fotsmas, mutane suna zuwa kallo.

A shekara ta 2021 aka ɗaga babban jigonsa don gyara. Jigon na ƙarfe ne, nauyinsa ya fi tan 20. A ƙarƙashinsa aka tarar da ɗan ƙaramin kuɗi, tsatsa ta ci shi. Da aka goge shi, aka gane na shekara ta 1894 ne, zamanin Sarauniya Biktoriya. Darajarsa rubu'in kwabo ce. Kuɗi 4 irinsa ke yin kwabo ɗaya na Ingila, kwabon nan da kakanninmu suka sani a kasuwannin Kano da Katsina.

Yaya aka yi jirgin 1765 ya samu kuɗin 1894? Amsar ba wuya. Jigunan da ke kansa sun ruɓe, sai aka sāke su da na ƙarfe a shekara ta 1894. Ma'aikatan da suka yi aikin suka bi al'ada, suka sa kuɗin shekarar. Ya zauna a wurin shekara 127, ba wanda ya san da shi.

6. Abin da kuɗin ke iya faɗi

Mu tara abin da muka gani. A Landan kuɗin ya girmi jirgi da shekara wajen 60. A Niyufot kuɗi da jirgi sa'o'in juna ne. A Fotsmas jirgi ya girmi kuɗin da shekara 129.

Ke nan kuɗin ba ya faɗin shekarar da aka gina jirgi kai tsaye. Abu ɗaya yake faɗi, amma wanga ba gardama a cikinsa: ba a rufe shi a wurin ba kafin shekarar da aka buga shi. Ana iya rufe shi a shekarar, ana iya rufe shi bayan shekara 60. Kafin shekarar kam, ba zai yiwu ba.

Ga misali na kusa. In kun rushe tsohon soro, kuka tarar da dala mai lambar 1975 a cikin tubali, mi za ku ce? Za ku ce ba a kwaɓa wanga tubali kafin 1975 ba. Amma kada ku ce lalle a 1975 aka yi ginin. Wataƙila dalar ta daɗe a aljihu. Wataƙila kuma soron ya fi haka tsufa, gyara ne aka yi wa bangon daga baya. Sai kun nemi shaida ta biyu, kamar dattijon unguwa da ya ga ginin. Haka masana suke yi: kuɗi shaida ɗaya, zobban katako shaida ta biyu.

7. Al'adar a yau

Manyan jiragen yanzu na ƙarfe ne, inji ke tafiyar da su. Amma har yanzu suna da jigo. Bisansa ake ɗora fitilu da tuta da na'urorin sadarwa da na hangen nesa.

Sojan ruwa na Amurka suna yin bikin kafa jigo in sun gina sabon jirgi. Ana sa kuɗi cikin ɗan akwatin ƙarfe, mai walda ya like shi a gindin jigo. Kowane jirgi yana da lambarsa, kuma sau da yawa ana zaɓen kuɗin da jimlarsu ta yi daidai da lambar. A garin San-Nazer na Faransa, inda ake gina manyan jiragen fasinja, ana like kuɗin ne a jikin ƙarfen farko na ƙasan jirgi, gaban masu jirgin da ma'aikata.

Masu yin haka a yau ba kuɗin fiton Karon suke biya ba. Suna tunawa ne da maginan da suka riga su, suna kuma barin alama ga waɗanda za su zo gyara bayansu.

Jirgin Landan ya riga ya nuna mana iyakar kwabo. Abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa shi ne katako mai kyau, da magini mai amana, da matuƙi wanda ya san iska, da kaya daidai ƙarfin jirgi. Bayan wannan, tsari na Allah ne. Amma ƙaramin kwabon bai tashi banza ba. Mutumin da ya sa shi ya mutu, sunansa ya ɓace, jirgin ya ruɓe. Kwabon ya tsaya a inda aka ajiye shi, har ya ba da shaidar zamanin mai shi.

Kalmomin darasi

Jigo: dogon itace ko ƙarfe da ake kafawa tsaye cikin jirgi.
Gurbin jigo: ramin da gindin jigo ke zama ciki.
Ƙashin bayan jirgi: dogon katakon da ke can ƙasa, daga gaba har baya.
Fito: ƙetarar da mutane kogi cikin jirgi don a biya.
Tagulla: ƙarfe mai launin ja-ja, wanda ake yin kuɗi da mundaye da shi.
Tan: kilo 1000.

Tambayoyi

1. Mi ne ne amfanin jigo ga jirgin da ba ya da inji?
2. Ku faɗi amsoshi uku da ake bayarwa kan dalilin sa kuɗi a gurbin jigo. Wace ce kuka fi gamsuwa da ita? Domi?
3. Siffar wa ke jikin kwabon jirgin Landan? Mi take riƙe da shi?
4. Yaya aka san ba a gina jirgin Niyufot kafin 1447 ba?
5. Mi ya sa kuɗin jirgin Victory bai kai jirgin tsufa ba?

Lissafi

1. An sa kuɗi a gindin jigon Victory a 1894, an same shi a 2021. Shekara nawa ya yi a wurin?
2. An buga kuɗin jirgin Niyufot a 1447, an gan shi a 2006. Shekara nawa ke tsakani?
3. Ƙananan kuɗin Amurka akwai na 1, na 5, na 10 da na 25. In lambar jirgi 76 ce, waɗanne kuɗi za a haɗa? Ku nemo hanya biyu.

Aikin yi

Kowa ya fiddo kuɗin ƙarfe ɗaya daga aljihunsa, ko dala biyar ko dala ashirin. Ku nemi lambar shekara a jikinsa, ku rubuta ta cikin littafinku. Na wa ya fi tsufa cikin aji? Shekara nawa ya yi yana yawo?

Sannan ku duba alamar da ke tsakiyar kuɗin. Siffar wani kifin teku ce mai dogon baki kamar zarto. Mutanen Akan na Gana da Kodibuwa sukan ƙera irinta da tagulla, suna awon garin zinariya da ita. Ku zana ta a ƙarƙashin shekarar da kuka rubuta.